Ƙuri'ar ginin makaranta: nasiha ga 'ya'yanmu mazauna Amurka

 Ina jin ku kuna raba dare kuna gardama a kan wanda zai zama shugaban ƙasa, amma in aka zo ƙuri'ar gina makaranta a unguwarku sai ku yi tsit kamar ba kwa garin. Wannan shirun naku ya dame ni.

A ƙasar nan ba gwamnatin tarayya ke gina wa yaro aji ba. Abin da take sawa a harkar makarantu bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba, shi ma yawancinsa na ciyar da ɗalibai ne da tallafa wa 'ya'yan marasa ƙarfi da masu nakasa. Gini nauyin mutanen yanki ne, sai ɗan abin da jiha ta ƙara a wasu wurare. Hukumar makarantu takan nemi izinin cin bashi, a sa maganar a takardar zaɓe. In jama'a sun yarda a yi gini, a riƙa biya daga harajin gidaje har shekara 20 ko 30. In sun ƙi, yara su ci gaba da zama a inda suke. A 2020 ofishin bincike na majalisar dokokin ƙasar ya ƙiyasta cewa makarantu wajen 36,000 na buƙatar a gyara ko a sauya musu na'urorin ɗumama ɗaki da sanyaya shi. Duk wanda ya taɓa shan zafin Agusta a Texas ya san abin da wannan ke nufi ga yaro ɗan shekara 7.

Kada ku ce ƙuri'a ɗaya me za ta yi. A jihar Idaho sai an sami kashi biyu bisa uku na masu zaɓe kafin a ci irin wannan bashi, wato mutum ɗaya da ya ce a'a yana rusa amincewar mutum biyu. Mutanen wani ƙaramin gari, Salmon, sun kai maganar akwati fiye da sau 10 tana faɗuwa, yaransu na karatu a tsohon gini mai tsattsagewa, sai a watan Mayun 2024 suka haye da bashin dala miliyan 20. Yaran da aka fara neman ginin dominsu sun riga sun girma.

Na san abin da ke ranku. Haraji ne, kuma yana da ciwo. A Texas ma doka ta tilasta a rubuta ɓaro-ɓaro a takardar cewa wannan ƙarin harajin gida ne. Mai haya kuma kada ya ɗauka ba ruwansa, don mai gida a kuɗin haya yake fanshewa. Tunda ko ta yaya za ka biya, gara ka je ka faɗi ra'ayinka. Ku kuwa da 'ya'yanku suka gama, ku tuna ajin da suka zauna wasu ne suka biya shi, mutanen da ba su san za mu zo ƙasarsu ba. A gida in an kira gayyar ginin Islamiyya, wa yake cewa ba zai ɗauki bulo ba don ɗansa ya sauke?

Abin da ya faru a Houston a Nuwamban 2024 har yanzu yana ci mini rai. An nemi izinin cin bashin dala biliyan 4.4 don ginin makarantu, jama'a suka ƙi, galibi saboda fushin yadda jiha ta karɓe ragamar makarantun a 2023 ta naɗa nata shugabanni. Fushin yana da dalili, kuma mai cewa ba zai damƙa kuɗi a hannun wanda bai zaɓa ba, ban ga laifinsa ba. Amma ni da na ce e, sannan in tsare su da ido. Shugaba yau ne, gobe ba shi, rufin da ke yoyo kuwa a kan yara yake yi.

Ba na ce ku dangwala da ido rufe ba. Ku je zaman hukumar, ku tambaya wace makaranta za a gina, nawa zai hau kan kowane gida a shekara, wa zai bi diddigin kuɗin. In an cusa filin wasa na alfarma alhali ajujuwa na lalacewa, ku yi magana tun kafin a buga takarda.

Ku duba ranar zaɓen da kyau, don sau da yawa ba ta haɗuwa da ta shugaban ƙasa, wasu wuraren a watan Mayu ake yi, mutane kaɗan ke fita. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba kuma, ko da yana da katin zama na dindindin, kada ya kuskura ya yi rajista, a kusan ko'ina laifi ne da kan iya jawo kora. Shi nasa aikin ya halarci zaman hukuma, ya kai maƙwabtansa tsofaffi rumfar zaɓe a motarsa.