Awa Talatin da Shida

Takardar ta iso mata ne a ƙarshen kaka, tana tunatar da ita cewa saura wata huɗu rajistarta ta ƙare. Ta ɗauko fayil ɗin da take tara shaidun halartar darussa, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa: awa goma sha ɗaya. Dokar jihar Niyok kuwa awa 36 take nema cikin kowace shekara uku, kuma 24 daga ciki dole su shafi lafiyar jama'a da tsaronsu da jin daɗinsu. Shekara biyun da suka wuce a bakin gadon mahaifiyarta ta yi su tana jinya, aikin ofis ma da ƙyar take taɓawa, balle zaman aji.

Sana'ar tata ba ta da tsayayyen suna a Hausa, kuma wannan kaɗai ya isa ɗalibi ya tsaya ya yi tunani. In an ce mai lambu, an rage mata matsayi, domin ba ta riƙe fartanya. In an ce mai zanen gini, an ba ta aikin wani. Abin da ya fi kusa shi ne mai tsara shimfiɗar wuri: ita ke yanke inda ƙasa za ta tashi da inda za ta kwanta, ta wace hanya ruwan sama zai bi, ina za a dasa itace, ina yara za su yi wasa ba tare da mota ta same su ba. Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux, waɗanda tsarinsu ya ci gasar filin shaƙatawa na Central Park a 1858, su ake ɗauka iyayen sana'ar a Amurka. An kafa ƙungiyar masu ita, ASLA, a 1899, amma sai a 1953 aka sami jihar da ta fara ba da lasisi, wato Kalifoniya. Yau dukkan jihohi 50 suna da dokarsu.

Ta san wahalar da ta sha kafin ta sami nata. Digiri, sannan shekaru tana aiki ƙarƙashin mai lasisi, kamar yadda yaron magini kan daɗe yana kwaɓa ƙasa kafin a bar shi ya ɗaga azara, sannan jarrabawar LARE wadda majalisar hukumomin rajista, CLARB, take shiryawa. Sashen da ya shafi gangaren ƙasa da magudanar ruwa sau biyu ta zauna shi. A ranar da hatiminta ya iso ta ɗauka an gama. Ashe lasisin nata ne har abada, amma izinin aiki da shi aro ne da ake sabuntawa. In rajista ta faɗi, ba ta da ikon buga hatimi a kan zane, kuma zanen da ba hatimi ba ya wuce teburin hukuma. A lokacin tana da aikin filin wasan wata makarantar firamare a hannu, da ma'aikata uku da ke jiran albashi.

Da farko haushi ne ya kama ta, kuma haushin yana da hujja. Ƙirgar awa zama take aunawa, ba ta auna fahimta. Mutum na iya zama a bayan aji yana duba wayarsa ya fito da shaida daidai da ta wanda ya kasa kunne. Wasu darussan ma ƴan kasuwa ne ke kawo su ofis da tsakar rana tare da abinci, rabin maganar ilimi, rabi tallar bulo ko fitila. Ga Kalifoniya kuma, uwar lasisin, ba ta ɗora wa masu sana'ar wannan sharaɗi ba, filayenta kuwa ba su rushe ba. Mace mai shekara ashirin da biyu a bakin aiki, me za a koya mata cikin awa ɗaya?

Amsar ta zo mata ne a darasi na huɗu da ta shiga, kan ruwan sama. Lissafin faɗin magudana yana dogara ne da jadawalin yawan ruwan da ake sa ran zai sauka cikin wani lokaci, kuma wanda ta haddace tun tana ɗaliba an riga an sabunta shi. A makaranta an koya mata cewa gwanintar mai tsari ita ce ya kori ruwa daga fili da sauri. Yanzu ana so a tsare shi, a bar ƙasa ta sha, ta hanyar ramukan shuke-shuke da daɓe mai tsotse ruwa. Guguwar Sandy da ta cika sassan birnin da ruwan teku a 2012 ta ƙara tsananta wannan tunani. Haka ma itatuwa: akwai jinsin da ta yi shekaru tana jerawa a gefen titi, sai ga wani ƙwaro daga Asiya, da aka fara ganowa a jihar Mishigan a 2002, ya bi su yana kashewa. Abin da aka sani jiya yakan tsufa ba tare da ya yi sallama ba, mai shi kuwa shi ne na ƙarshe da zai lura.

A daren nan ta buɗe zanen filin makarantar, ta sake lissafi da sababbin alƙaluma. Bututun da ta sa a kusurwar da ƙananan yara ke taruwa ya yi kaɗan. Ba wani bala'i ba ne, kududdufi ne da zai riƙa kwana bayan ruwa mai ƙarfi, ya daskare da hunturu inda ƴan shekara biyar ke gudu. Ta gyara shi kafin ta kwanta.

Duk da haka awannin ba su cika ba. Ranar da wa'adi ya yi tana da 29. Dokar ta tanadi rajistar wucin gadi ta shekara guda ga wanda ya gaza, bisa alkawarin zai cike giɓin, ita ta nema. Har yanzu tana ganin rabin darussan ɓata lokaci ne, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Ta manna wata ƴar takarda a jikin kwamfutarta ta rubuta bakwai, kowace Alhamis da yamma tana soke lamba ta rubuta ta ƙasa da ita.