Mu Leƙa Birniwa: Tsakanin Rairayi Da Fadama

A wannan karon tafiya za mu yi tare, kuma da ɗan nisa, don haka sai ki gyara zama. Ƙasar Haɗeja muka nufa, can gabashin Jihar Jigawa, inda za mu yada zango a Birniwa, mu ga yadda mutanen karkara ke zaune da ƙaramar hukumarsu, da kuma inda mu mata muka shigo cikin maganar.

Idan kin bar garin Haɗeja kika fuskanci arewa maso gabas, wajen Nguru ta Jihar Yobe, a hankali za ki ga ƙasa tana sauya kama. Koren fadama yana raguwa, rairayi yana ƙaruwa, itatuwa suna yin tazara da juna, sai aduwa da gawo da kuka jefi-jefi. A wannan tudun ne garin Birniwa yake. Ita ce ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, jihar da aka ciro daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991. Haka kuma tana cikin ƙananan hukumomi 8 na Masarautar Haɗeja, tare da Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Guri da Kirikasamma. Ƙidayar shekarar 2006 ta ba ta mutum dubu 142 da 'yan kai, a faɗin ƙasar da ya haura murabba'in kilomita 1,500. Ki riƙe wannan faɗin a ranki, domin shi ne mafarin wahalhalu da yawa: ƙauyuka a warwatse, hanya ta rairayi, asibiti da sakatariya kuwa sai an yi tafiya.

Mutanen wurin sun haɗa da Mangawa, waɗanda reshe ne na Barebari, da Hausawa da Fulani, kuma auratayya ta daɗe da cuɗa su. Ko daga sunayen mazaɓu irin su Kacallari da Macinamari za ki ji ƙamshin Barbarci. Noman gero da wake da riɗi da zoɓo shi ne abin dogaro, sai kiwo. Akwai kuma tsohuwar tashar jirgin ƙasa a kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya ƙare a Nguru, wanda aka kammala a 1930. A zamanin da gyaɗa ke tashe, ta wannan layi ake kwasar amfanin gonar yankin zuwa Kano.

To amma fa babbar maganar wannan ƙasa ita ce ruwa, kuma kashi biyu ce. Kudu da Birniwa akwai Kogin Haɗeja da fadamunsa, waɗanda suka miƙe har Nguru. A can kukan da ake yi na yawan ruwa ne. Tun bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya, ciyawar nan da ake kira kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Idan damina ta yi ƙarfi sai ruwa ya rasa hanya ya faɗa garuruwa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022, wadda ta ci rayukan mutane fiye da 100 a Jigawa. A kan tudu kuwa, inda ƙauyukan Birniwa da dama suke, damina gajera ce, rijiya tana da zurfi, ga hamada tana matsowa, domin Jigawa na cikin jihohi 11 na Arewa da ake lissafawa a bakin hamada. Kin ga ke nan maƙwabta ne, amma wani yana gudun ruwa, wani yana bin sawunsa da jarka.

A nan ne maganar ƙaramar hukuma ta shigo. Da yawanmu idan aka ce ƙaramar hukuma, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ginin sakatariya, da motar ciyaman, da 'yan siyasa masu rabon atamfa da sabulu lokacin zaɓe. Alhali kuwa idan kika duba ayyukan da Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata, za ki tarar kusan duk a ƙofar ɗakinki suke. Ita ce ke kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu. Ita ce ke da alhakin kwashe shara da gyaran magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi. An lissafa mata rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da ba da lasisin keke da amalanke da kwalekwale. Bugu da ƙari tana da hannu a ilimin firamare da na manya, da kiwon lafiya a matakin farko, da bunƙasa noma. Yanzu don Allah 'yar'uwa, a cikin waɗannan wanne ne bai shafi uwargida ba? Ɗakin shan maganin da kike zuwa awo, da ajin da ɗanki ke zama a ƙasa, da rumfar da kike aika yarinya da ƙosai, duk a ƙarƙashinta suke.

Wannan tsari ya samo asali ne daga gyaran fuskar da aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi a 1976, wanda ya mayar da su mataki na uku na gwamnati a duk faɗin ƙasa, a madadin tsohon tsarin En'e. A yau akwai guda 774 a Nijeriya, kuma kasonsu daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin 100. Shekaru da dama kuɗin yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, har aka yi ta ƙorafi a ƙasa baki ɗaya cewa ba ya isa inda aka nufa da shi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kawai za su riƙe su, ban da kantomomin riƙo. An yi ta kai ruwa rana a kan yadda za a aiwatar da hukuncin, amma dai ya ƙara wa talaka hujjar tambaya. A watan Oktoba na shekarar 2024 Jigawa ta yi zaɓen ciyamomi da kansiloli. Birniwa tana da mazaɓu 11, kowace da kansilanta, kuma shi ne wakilin ƙauyenku a majalisar da ke duba kasafin kuɗin ƙaramar hukuma.

Ban da wannan, akwai tsohon tsanin da kowa ya sani: mai unguwa, dagaci, hakimi, har zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Haɗeja, Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau gadon sarauta a 2002. Su ba su riƙe da kuɗin gwamnati, amma su ne ake fara kai wa kuka, su ne kuma ke sasanta rikicin iyakar gona ko na burtali idan dabbobi suka yi ɓarna kafin a gama kawar da amfani. Takardar da ta bi ta hannun dagaci takan fi nauyi idan ta isa sakatariya.

Bari in ba ki misalin abin da na gani da idona a wani ƙauye da ke yankin, inda na je wurin wata abokiyar karatuna da ke koyarwa a Islamiyya. Da la'asar na shiga ajinta na tarar da tabarmar 'yan mata kusan babu kowa. Da na tambaya sai ta ce ai tuƙa-tuƙan unguwar ne ya lalace, yau kusan mako uku, duk yaran sun tafi ɗibar ruwa ƙauyen gaba, ba sa dawowa sai gab da magariba. Da safe ma haka ake yi da makarantar boko. Kowa a unguwar ya san famfon ya mutu, kowa kuma yana jiran wani. Maza suna cewa kayan gwamnati ne, ita za ta gyara. Mata suna cewa maganar maza ce. Ba kuwa wanda ya sanar da kansila, balle a rubuta.

Wata dattijuwa ce, wadda kowa ke kira Iya, ta tara matan unguwar a gidanta bayan sallar isha'i. Ta tuna masu cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wahalar nan a wuyan 'ya'yansu take sauka. Aka yanke shawara uku. Kowane gida zai riƙa ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa duk ranar kasuwa a hannun mace ɗaya amintacciya, a rubuta a littafi, domin ƙananan gyare-gyare irin su roba da ƙusa. Malama za ta rubuta takarda da sunan matan unguwa, a faɗi ranar da famfon ya lalace, da yawan gidajen da ke sha daga gare shi, da yawan yaran da suka daina zuwa makaranta. Sannan mazajensu biyu za su kai wa mai unguwa, ya raka su wurin dagaci, daga nan a miƙa wa kansila, a kuma ajiye kwafi. Da mai gyara ya zo ya duba, ashe abu biyu ne: robar ciki ta cinye, sannan wasu bututai sun ruɓe. Kuɗin mata ya ɗauki nauyin robar, ruwa ya fara zuwa kaɗan-kaɗan, maganar bututai kuma kansila ya tafi da ita sashen ayyuka. Kafin in baro ƙauyen tabarmar nan ta fara cika.

Abin da ya sa na kawo miki wannan labari shi ne, famfo ɗaya idan ya tsaya ba ƙishirwa kaɗai yake kawowa ba. Karatun yarinya yana tsayawa. A koma shan ruwan kududdufi, gudawa ta kama yara. Wanke fuska da hannu ya zama sai an yi tattali, ƙuda ya samu wurin sauka a idon yaro, daga nan amosanin ido. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bahaya a fili. Abin alfahari ne, amma masai da tsabta ba sa ɗorewa inda babu ruwa a kusa.

Don haka 'yar'uwa, ko a Birniwa kike ko a wani ƙauyen, ga 'yan abubuwan da ya kamata ki sani. Da farko ki san sunan mazaɓarku da na kansilanku, domin mata da yawa sun jefa ƙuri'a amma ba za su iya faɗin wanda suka zaɓa ba. Na biyu, ki bincika ko akwai kwamitin ruwa da tsabta a unguwarku, da kwamitin kula da makaranta, da kwamitin lafiya na mazaɓa. An tanadi kujerun mata a cikinsu, kuma sau da yawa a banza suke zaune, ko kuma an rubuta sunan mace amma ba ta taɓa halarta ba. Idan ke ba za ki samu fita ba, ku zaɓi dattijuwa mai bakin magana ta wakilce ku, da yardar maigida. Na uku, duk kukan da za a kai a rubuta shi, a sa rana, a sa lissafi, a ajiye kwafi. Maganar baki iska ke ɗauke ta, takarda kuwa tana nan ko an sauya ciyaman. Na huɗu, a kai kuka da wuri. Ana shirya kasafin kuɗi ne kafin shekara ta ƙare, don haka wanda ke son a gina aji ko a haƙa rijiyar burtsatse a baɗi, tun da kaka ya kamata takardarsa ta isa. Na biyar, kada ki bari jaririnki ya girma babu takardar haihuwa. Jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne ke yin rajistar, ana kuma samun su a sakatariya da wasu asibitoci. Yaron da ba a rubuta ba, ba ya cikin lissafin da ake yi wajen rabon azuzuwa da magani.

Sannan a yi komai cikin ladabi da mutunta shugabanni, ba da zagi ko habaici ba. Kansila ɗan unguwa ne, wataƙila ma da shi aka yi makarantar allo da yayanki. Shi ma idan ya je majalisa da takarda a hannu, mai ɗauke da sunayen gidaje hamsin, ya fi samun bakin magana a kan wanda ya je hannu rabbana. Idan kuma aka yi aikin, a koma a yi godiya, a kuma kula da shi kamar kayan ɗaki, a hana yara wasa da hannun famfo, a kewaye shi saboda dabbobi.

Idan Allah Ya kai ki Birniwa, ki yi ƙoƙari ki je da kaka, lokacin da zoɓo ya yi ja a gonaki, aka jingine dammunan riɗi suna shan rana. Ki sha fura da nonon Fulanin yankin, ki yi tsarabar riɗi. Amma kafin ki juyo, ki tsaya a bakin famfon unguwa da hantsi, ki ƙirga 'yan matan da ke kan layi a lokacin da ya kamata a ce suna aji. Idan kin dawo gida sai ki yi irin wannan ƙirgen a taku unguwar, ki kai wa matan maƙwabta lissafin.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.