Akori-kurar Baffa: Daga gindin darbejiya zuwa hanyar Baturiya

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa cikin shekarun 1980 ya san akori-kura. Ita ce motar ranar kasuwa, ita ke kai jeren amarya ƙauye, ita ce kuma ake tasa direbanta cikin dare idan haihuwa ta zo da gardama. Mafi yawansu ƙirar Peugeot ne, wadda bakinmu ya mayar Fijo, da farko 404, daga baya 504. A 1968 aka fito da 504 a Faransa. Masana'antar haɗa motoci ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da wannan mota har cikin shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da yin ban kwana da ita. A yau in ka ga ɗaya a kan titi, to bulo take ɗauka ko itace, ta karkace gefe guda kamar jakin da aka ɗora wa mangala ba daidai ba.

Baffana, Allah ya jiƙansa, yana da 504 fara. Da ita yake kai takin zamani ƙauye gab da faɗuwar damina, da kaka kuma ya juyo da gero da wake zuwa Dawanau. Bayan rasuwarsa aka tura ta gindin wata darbejiya a kangon bayan gida, ta shekara tara a nan. Tayoyin suka sace suka nutse cikin ƙasa, kaji suka mai da kujerar gaba akurki. Da magada suka yanke shawarar gina kangon, 'yan jari-bola suka zo suka yi mata kuɗi a kan nauyin ƙarfenta, kamar tsohuwar tukunya. Na biya magada abin da aka taya, na ɗora wani abu a kai, na nemo motar da ta ja ta zuwa gareji.

Ban rasa masu ba ni shawara ba. Wani aminina ya ce, "Malam, kuɗin da za ka narkar a wannan gwangwani ai ka ƙara kaɗan ka sayi 'yar Baljiyam mai sanyi." Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai dubi motar ta dube ni, wanda kuwa ya san zaman aure ya san wannan ya fi magana nauyi. Hujjata ɗaya ce, har yau kuma ban sauya ta ba. Ina son motar da zan bar kwalta da ita, in bi burji da yarana, mu kwana inda dare ya yi mana. Irin wannan tafiya tana son motar da idan ta tsaya a inda babu gareji, mai sifana da fulaya zai iya tayar da ita. Motar zamani ta fi ta daɗin zama da tsimin mai, ban musa ba. Amma ranar da ta ƙi tashi a bayan Kirikasamma, sai an ɗauko mai kwamfuta daga birni.

Abu na farko da muka fuskanta shi ne tsatsa. Mutane na ɗauka cewa a ƙasa mai rani irin tamu ƙarfe ba ya ruɓewa, ga rana ga iska busasshiya. Haka ne ga rufin motar da murfin injin, waɗanda fentinsu kawai ya ƙone. Tsatsa tana bukatar danshi ya daɗe a kan ƙarfe, kuma darbejiya ta tanadar mata shi. Shekara tara ganye na zuba cikin akorin baya, ya toshe ramukan da ruwa ke tsiyayewa, ya zama taki mai riƙe ruwan damina har cikin kaka. Ga kuma ragowar takin zamani da ya maƙale a lunguna tun zamanin Baffa, shi kuwa yana jan laima yana cin ƙarfe kamar gishiri. Da mai gyaran bodi ya sa guduma ya ƙwanƙwasa daɓen akorin, sai ga ƙasa ana hangowa ta ramuka. Wurin zaman batir ma ruwan batir ya cinye shi, haka ƙarƙashin ƙafar direba.

A nan ne na ga bambancin mai aiki da mai neman kuɗin cefane. Na farkon da na tuntuɓa ya ce zai shafe ramukan da fila, ya fesa fenti, mota ta fito kamar amarya cikin mako guda. Na biyun, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ce shi ba ya rufe tsatsa da kwalliya, domin tana ci gaba da aikinta a ƙarƙashi, bayan damina biyu fentin ya kumbura ya fashe. Ya yanke duk inda ya ruɓe har sai da ya kai ga ƙarfe mai rai, muka sayo falle a Ƙofar Ruwa, ya yanka, ya lanƙwasa, ya yi walda gunduwa-gunduwa don kada zafi ya murɗe shi. Ya goge, ya shafa jan fentin nan mai hana tsatsa ciki da waje, sannan ya sake huda ramukan tsiyayar ruwa. Wata biyu ya ɗauka. Kafin ya taɓa komai kuwa sai da ya shiga ƙarƙashi ya duba ƙarafan da ke ɗauke da akorin da inda sifirin ke kamawa, ya ce da nan ne ya ruɓe da ya ce in mayar wa 'yan jari-bola kayansu.

Injin ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Tsohon bakaniken da ya karɓe shi ya koyi aiki ne a kan Fijo tun yana yaro, yanzu gemunsa fari fat. Bai yarda a sa batir a murɗa makulli ba. Ya cire filogi huɗun, ya ɗura baƙin mai ta ramukansu, ya ce a bar shi kwana biyar. Ranar ta shida ya sa sifana ya juya injin da hannu, a hankali, yana kasa kunne.

"Baba, akwai rai kuwa?" na tambaye shi.

"Ɗana, barci take yi. Ka bar ni da ita."

Aka sauke tankin mai aka wanke, domin tsohon fetur ya daskare ya zama kamar ƙaro. Aka kwance kafireto, aka wanke lagireto, aka sauya duk wata roba da ta bushe. Birki kuwa na ce a sake shi gaba ɗaya, tun da 'ya'yana zan ɗauka. Samun kayan gyara ya sa na zaga Ƙofar Ruwa har na san masu shayin wurin, sau ɗaya ma sai da na je Panteka a Kaduna saboda gilashin fitila guda. Ranar da injin ya tashi, ya yi tari ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya daidaita muryarsa, yaran garejin suka yi ta shewa. Na lura dai babu ko ɗaya cikinsu da ya matso lokacin da Baba ke saita kafireto da kunne. Hankalinsu na kan na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, kuma ban ga laifinsu ba, can abincinsu yake. Sai dai abin da ke cikin kunnen wannan tsoho ba a rubuta shi ko'ina ba.

Shirin kwana a hanya bai ci kuɗi sosai ba. Mai walda ya yi mini ƙarafan rumfa a kan akorin, muka ɗaura tamfol. Kafinta ya shimfiɗa katako mai akwati a ƙarƙashi, inda ake zuba tukunya, ƙaramar tukunyar gas, tabarmi da gidajen sauro. Akwai jarkokin ruwa biyu, safaya biyu, shebur, igiya, fambel na ajiya, da guntun katako da ake ɗora jak a kai idan ƙasa ta yi laushi. Tayoyin baya kaɗai ke jan wannan mota, saboda haka a rairayi sai an rage iskar taya, a lakar damina kuwa sai a haƙura a zauna gida.

Mai karatu zai ce, a wannan zamani wa ke kwana a daji? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na wasa da ita. Dajin Kamuku na Birnin Gwari da dajin Rugu na Katsina, wuraren da iyayenmu suka ratsa da irin wannan mota ba tare da fargaba ba, yau ko da rana tsaka ba zan nufe su ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace tafiya sai an yi mata lissafi, ga Fijo kuma ba ta san tsimi ba. Amma abin da ke damuna shi ne yadda tsoro ya sa muka haɗa ƙauyukan Arewa duka muka yi musu kuɗin goro. Yarana sun tashi suna jin kalmar daji a labarai kawai, kullum tare da kalmar 'yan bindiga. Babbansu ya kai shekara goma sha huɗu bai san gawo ba, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore shar da rani. Mu kuwa jikokin fatake ne, waɗanda suka yi ta yada zango daga Kano har Gwanja neman goro. Unguwannin da ake kira Zango a Gana shaida ne har gobe.

Don haka nake zaɓen hanya da tambaya, in kuma bi ƙa'idar da fataken suka bi. Ba na tafiyar dare. Kafin la'asar ta yi sanyi na isa garin da zan kwana, in nemi mai gari in gaishe shi, in faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Shi zai nuna inda za mu kafa, yawanci gefen makarantar firamare ko bayan gidansa. Ba a taɓa barinmu muka ci abincin da muka zo da shi kaɗai ba, sai an aiko da tuwo ko ƙwaryar fura.

Tafiyarmu ta farko Birnin Kudu ce, ta Wudil, inda yaran suka ga zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habuɗe. Ta biyu, cikin hunturu, muka wuce Haɗeja muka nufi Baturiya, cikin dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai gudun sanyin can. Da asuba hazo ya kwanta a kan ruwa, goruba ta tsaya cirko-cirko, masunta na tura kwalekwale ta tsakanin kacalla, ciyawar da ta addabi manoma da masunta na yankin saboda toshe hanyoyin ruwa. Ƙaramar 'yata ta ƙirga tsuntsaye har lissafi ya ɓace mata.

A hanyar dawowa motar ta fara shaƙewa, ta mutu a kan burji, nesa da kwalta. Ƙura ce ta toshe kafireto. Wani mai babur ya je ya ɗauko mana saurayin da ke gyaran injin ban-ruwa a ƙauyen gaba. Bai taɓa buɗe Fijo ba, in ji shi, amma da ya leƙa sai ya yi murmushi, ya ce ai wannan babban injin ban-ruwa ne kawai. Ya kwance, ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya mayar. Kafin yaran su gama shan rake mota ta tashi. Da ƙyar ya karɓi abin da na ba shi.

Har yanzu ƙofar gefen fasinja sai an ɗaga ta ake rufewa, allurar mai kuma ba ta motsi, da sanda nake auna tanki. Baba ya ce in kawo ta bayan damina ya duba kuloci kafin mu nufi Yankari, domin na yi wa yaran alkawarin wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Uwargida ta ce wannan karon da ita za a je, da sharaɗin a sauya kujerar da kaji suka kwana a kai.