Waƙafi Mai Ruwa Guda Ɗaya

Lokacin da nake SIWES a wani shagon intanet a Jega, kullum da sassafe nake biyo mota daga Aliero, wata rana ma a kan buhunan albasa. Aikina shi ne kula da wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu da ke ƙarƙashin teburin Oga. A cikinta akwai syslog-ng, manhajar da ke rubuta duk abin da ya faru: wa ya shiga, yaushe, me ya lalace. Na'urar raba intanet ma can take turo rahotonta ta ƙofa mai lamba 514.

Wata Litinin na tarar babu sabon layi ko ɗaya tun yammacin Juma'a. Na buga systemctl restart syslog-ng, ta ƙi tashi. Na sake, haka dai. Ka ji masifa: marubucin laifin kowa ya faɗi, wa zai rubuta nasa?

Oga kuwa ya riga ya yanke hukunci. Wai abokin aikina ɗan Maiyama, mai kula da janareta, shi ya kashe inji ba a rufe kwamfuta ba. Ya ce zai cire kuɗin mai gyara daga alawus ɗinsa. Yaron ya yi rantsuwa har ya gaji. Ni ma, gaskiya, na gyaɗa kai, don zargin wuta ya fi sauƙi.

Bayan la'asar na tuna systemd tana da nata kundin daban. Na buga journalctl -u syslog-ng, sai ga ƙorafi kan fayil ɗin saiti, har da lambar layi. Faifai bai cika ba, df -h ta nuna min. Sai syslog-ng -s, wadda ke duba rubutun saiti ba tare da tayar da komai ba. Layin da ta nuna, a ƙarƙashin wanda na ƙara ranar Juma'a ne, ina sauri kar motar gida ta tashi. Na bar shi babu waƙafi mai ruwa a ƙarshe. Manhajar ta ci gaba da tsohon saitinta har aka rufe shago. Da aka kunna ne ta karanta nawa ta ƙi.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Zuwa teburin Oga ne ya ɗauke ni rabin awa.

“Ranka ya daɗe, ba janareta ba ne. Ni ne.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in je in ba yaron haƙuri, in dawo da littafin SIWES in rubuta abin da ya faru da hannuna kafin ya sa hannu.