Gyaran Gida Da Hanyar Ruwa Tun Hadari Bai Taso Ba

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana mutanen ƙasar Tambuwal da Kebbe a kan hanyar ruwa a cikin gida, da irin gyaran da kowane lokaci na shekara ya ke bukata. Na san wani zai ce ai wannan maganar magina ce da masu gyaran famfo, ba ta malamai da akawuna ba. To, amma in soro zai rufta ba ya tambayar ilmin wanda ke kwance a ƙarƙashinsa. Kuma mu da Allah ya ba karatu, mu jama'a ke kallo, abin da suka ga mun yi a gidajenmu shi za su yi a nasu.

Kowa ya san damina a ƙasarmu gajeriya ce. Ruwa ya kan kankama cikin watan Yuni, ya yi marka cikin Agusta, kafin Oktoba ta yi nisa ya ɗauke. Watau wata huɗu ke nan na ruwa, wata takwas na rani. Wannan dogon rani shi ke rudin mu. Mutum ya ga bangonsa tsaye ƙyam wata takwas, sai ya manta da abin da ruwa ya yi masa bara. Ba ya tunawa sai daren da iska ta taso daga gabas, a lokacin kuwa magini ya tafi gona, azara ta yi tsada, ƙasa ta jiƙe ba ta yaɓuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In an yi maganar ɓarnar ruwa, sai mutane su tuna da manyan ambaliyoyi, irin ta watan Satumba na 2010 wadda ta ci garuruwan Goronyo da Wurno har ta yanke hanyar jami'a a Sakkwato, ko ta 2020 wadda ta shafe shinkafar fadamun Jihar Kebbi. Waɗannan kam sun fi ƙarfin mai gida guda, maganinsu yana hannun hukuma. Amma a ganina yawancin bangayen da na ga sun faɗi a garuruwanmu, daga Dogon Daji zuwa Sanyinna, daga Jabo zuwa Kuchi, ba gulbi ya ci su ba. Ruwan gidan ne da kansa ya ci su, wanda ya sauko daga rufi ya rasa hanyar fita, ya kwanta a gindin bango kwana da kwanaki har ƙasa ta narke.

Bari in fara da soro. Kakanninmu ba su san siminti ba, amma sun san ruwa. Kowace bazara mai gida ya kan hau rufi ya duba inda ya tsage ko ya loɓa, ya cike shi, ya gyara gangarensa yadda ruwa zai bi ya nufi indararo. Sa'an nan a sa makuba, watau ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, don ta hana ruwa ratsa ƙasa. Masu hali kuwa laso su kan sa, wanda ake haɗawa da katsi daga karofi, da gashin akuya daga majema, da ruwan dafara. Ku duba hikima, jama'a! Abin da marini ya zubar da abin da majemi ya kankare, su ne magini ya tattara ya rufe ɗakin sarki da su. Indararo kuwa su kan yi shi dogo, don ya jefa ruwa nesa da bango. Yanzu sai ka ga indararo ya karye tun bara an bar shi guntu, ruwa na bin jikin bango yana yi masa kwari kamar hanyar tururuwa. Wani kuma tsuntsu ya yi sheƙa a ciki, ko leda ta toshe shi, ruwa ya taru a kan rufi ya yi tafki. Rufin ƙasa da ma nauyi gare shi, in ya sha ruwa nauyin ya ƙaru, azarar da gara ta riga ta ci cikinta ba ta yin sallama kafin ta karye. Saboda haka tun a watan Afrilu ya kamata mutum ya ɗauki sanda ya bi azarunsa ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Wadda ta yi amo kamar ƙwarya, ko ta zubo da gari, a canja ta ko a tokare ta.

Akwai wani abu da ya shigo mana wanda na ke so in daɗe a kansa, gama ya cuci mutane da yawa suna tsammanin gyara suka yi. Shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa. In an gama, gida ya yi kyau, a bi shi da fenti, mai gida ya ce ya huta da yaɓe har abada. Ashe kyan ɗan maciji ne. Ƙasa ta kan kumbura in ta ji danshi, ta tsuke in ta bushe, siminti kuwa ba ya bin ta. Shekara ɗaya, biyu, sai su rabu a ɓoye, simintin ya tsage kamar gashi. Ruwa ya shiga ta tsagar, ba shi da hanyar fita, rana kuma ba ta kai gare shi balle ta busar. Bangon yana ruɓewa a ciki, waje yana sheƙi. Bangon da aka yaɓe da ƙasa kowa na ganin ciwonsa, amma wannan sai ranar da ya zube gaba ɗaya. Ban ce kada a sa siminti ba. Na ce wanda ya sa, ya bi shi kowace shekara yana bugawa da hannu, inda ya ji yana amsawa kamar ganga ya fasa wurin ya sake. Wanda kuma kuɗinsa bai kai na buhu biyu ba, ya fi masa ya zuba simintin a gindin bango, ya yi dakali mai gangare wanda zai kori ruwa, ya bar sama ga yaɓen ƙasa irin na iyayensa.

Masu rufin kwano su ma kada su yi dariya. Iskar farkon damina ba ta san kwano mai tsada ba. A duba ƙusoshin da suka ɗago, a ɗaure katakon rufi da jikin gini da waya mai ƙarfi.

Sai maganar rijiya da shadda, wadda ita ce ta fi duka nauyi, don faɗuwar bango dukiya ta kan ci, wannan kuwa rai ta ke ci. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da ta taɓa. Cutar nan ba iska ke kawo ta ba, ba kuma maita ba ce. Ƙazantar bayan gida ce ke komawa cikin ruwan sha. Turawa ma sun daɗe ba su gane haka ba, sai a shekarar 1854 da wani likita, John Snow, ya bi sawun annobar a wata unguwa ta birnin Landan, ya ga masu mutuwa rijiya guda su ke sha. Daga baya aka tona aka tarar ramin ƙazanta yana dab da rijiyar, yana tsiyaya cikinta. To, yau gida nawa ne a garuruwanmu inda shadda da rijiya su ke kallon juna, ba abin da ya raba su sai zana ɗaya?

Ma'aikatan lafiya sun ce a bar tazarar mita 30 tsakanin shadda da rijiya, wajen taki 40 na babban mutum ke nan, kuma shadda ta kasance ta wajen gangare. Na san a cikin tsohon gari, inda gida ya rabu kashi huɗu bayan gado, wannan tazara ba ta samuwa. Har ma sau da yawa shaddar da ke ɓata rijiyarka ba taka ba ce, ta maƙwabcinka ce a bayan katanga. Saboda haka kafin mutum ya haƙa sabon rami, ya kamata ya leƙa ya tambayi maƙwabcinsa inda rijiyarsa ta ke. Wannan ba kunya ba ce, haƙƙin maƙwabtaka ne, malamanmu kuwa sun fi ni sanin nauyinsa. Mutanen bakin fadama, irin na gefen gulbin Zamfara a ƙasar Kebbe, su suka fi bukatar lura, don ruwan ƙasa kusa ya ke gare su, da damina ya kan taso ya haɗu da gindin ramin. Gare su zurfafa shadda ba gwaninta ba ce. Inda tazara ta gagara, a bar rijiyar ga wanki da dabbobi, ruwan sha kuwa a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa.

Yasar rijiya aikin bazara ne, sa'ad da ruwa ya ja ƙasa. Amma kafin mai yasa ya shiga, a zura fitila mai wuta da igiya. In ta mutu, iskar ciki ba ta numfasuwa, kada kowa ya sauka. Kada kuma a kunna injin mai hayaƙi a cikin rijiya ko a bakinta alhali mutum na ƙasa. In an gama, a ɗaga bakin rijiyar ya kai ƙugu, a daɓe kewayenta, a yi mata murfi, a kafa itacen rataye guga. Gugan da ya kwana a ƙasa inda awaki suka bi, shi ne da safe ke komawa cikin ruwan da jariri zai sha.

Gidajen da Allah ya hore wa burtsatse da tanki da famfo, aikinsu ya fi sauƙi, amma su suka fi sakaci. Kan famfon da ke ɗiga ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da wajen lita 30 a kwana, watau fiye da jarka guda, kuma maganinsa 'yar robar ciki ce kawai da za a canja. Mai gida ya ƙi sayen roba, ya ɗaure famfo da tsumma, ruwan yana tsiyaya a gindin bango shekara guda. Bututun roba da aka bari a rana, a ƙasar da zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ya kan bushe ya yi gautsi har ya fashe, gara a binne shi ko a rufe shi. Tanki a wanke shi sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina, a tabbata murfinsa na rufuwa, don ƙadangare da ƙura ba sa neman izini. Da bazara kuma, in aka ji injin turo ruwa yana kuka ruwa ba ya zuwa, a kashe shi nan da nan, gama in ya yi ta juyawa babu ruwa ƙonewa zai yi. Masu injin hasken rana, su riƙa share ƙurar hunturu daga kan faifan.

Da kaka, in ruwa ya ɗauke, a bi gida a kife duk gwangwani da tsohuwar taya da fasasshen tulu, gama ƙwan sauro cikin kamar kwana 10 ya ke zama sauro mai cizo. A kuma duba inda ruwa ya kwanta a tsakar gida, a sa alama, a cike shi da tsakuwa tun ba a manta ba.

Abu na ƙarshe shi ne rariya. Mutum ya share gidansa tas, ya fasa rariya ya saki ruwan wanka da na wanke-wanke a kan hanya, ya kwanta a gindin katangar wani, ko ya yi kwata a ƙofar masallaci. Na ga zumuncin shekara arba'in ya lalace a kan rariya guda. Alhali ramin da bai wuce gaba ɗaya ba, a cika shi da duwatsu a rufe, ya isa ya shanye ruwan gida duka. A zamanin En'e dubagari ya kan shiga gida har cikin ɗaki ya leƙa randa, wanda aka kama da ƙazanta a kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Mutane sun ƙi jininsa, amma sun share rariyoyinsu. Ba na roƙon a komo da tara. Roƙona ga hakimanmu da dagatai da masu unguwa shi ne, kowace shekara da shigar watan Afrilu su sa a yi shela, limamai kuma su tuna wa jama'a ranar Juma'a, kowace unguwa ta tsai da rana guda ta gayya, samari su yashe magudanai su kwashe leda, magina su zaga gidajen gwauraye da tsofaffi da marayu waɗanda ba su da mai hawa musu rufi. Malaman makaranta kuma su aiki almajiransu gida, kowa ya auno taki nawa ne tsakanin rijiyarsu da shadda mafi kusa, ya kawo lissafin ranar Litinin.

Wassalam.

Ni ne naka,
Mai karatun jaridarka,
Tambuwal.