Igiyar ƙafa shida: Yadda na taɓa nema wa kare masauki a Amurka

A watan jiya karen wani maƙwabcinmu ya ɓalle da yamma, daidai lokacin da yara ke dawowa daga Islamiyya, ya bi 'yata 'yar shekara bakwai har ta faɗi ta ƙuje gwiwa. Bai cije ta ba, alhamdu lillahi. Da na je yi wa mai karen magana, wanda malami ne ɗan'uwana kuma mutumin kirki, sai ya ce da ni, "Haba Dokta, ai ba ya cizo, wasa yake yi." Na dawo gida ina juya wannan magana a raina, domin na taɓa jin irinta a wani harshe, daga bakin wani dattijo a jihar Bajiniya ta Amurka, shekara goma sha biyu ke nan.

A lokacin ina karatun digiri na uku, dattijon kuwa, wanda ya yi ritaya daga aikin gidan waya, gidansa na jikin wanda nake haya. Ina kiransa Baba, shi kuma yana kirana Farfesa tun ban rubuta babin farko na kundina ba. Matarsa ta rasu a farkon shekarar, ta bar shi da abubuwa biyu: wani ƙaton kare ɗan asalin Jamus, irin wanda mu nan muke kira karen 'yan sanda, da kuma wata mota mai ɗaki a ciki. Irin wannan mota, bari mu kira ta motar-gida, tana da gado da murhun gas da firji da banɗaki da tankin ruwa. Amurkawa, musamman 'yan fansho, kan shiga ƙasa da ita su yi makonni, duk inda dare ya yi su yada zango. Zangon nasu bai rasa kama da na fataken da, sai dai a nan kowa da filinsa mai lamba, da teburi, da wurin hura wuta, kuma biya ake yi.

Shekara da shekaru Baba da matarsa suna bin duwatsun Blue Ridge duk watan Oktoba, lokacin da ganyaye ke rikiɗa su koma ja da ruwan ɗorawa. A wannan karon likita ya hana shi dogon tuƙi saboda yanar ido, 'yarsa kuma ta riga ta samo mai sayen motar. Wata rana da yamma ya same ni a bakin shinge ya ce yana son ya yi tafiyar sau ɗaya tak kafin a ɗauke motar, ko zan tuƙa shi? Ya ƙara da cewa marigayiyar ce ke shirya komai, shi ko kwamfuta bai iya kunnawa ba, don haka neman masauki ma yana wuyana. Na tambaye shi wa zai bar wa karen. Ya dube ni kamar na ce ya bar ƙafarsa a gida.

Mai karatu ya san irin tarbiyyar da muka taso da ita. A garinmu kare na mafarauta ne da masu gadi, sunansa ma zagi ne, yaron da kare ya lasa kuwa sai ya sha wanka da faɗa. Na koma ga abin da na karanta a zaure, na tabbatar wa kaina cewa a mazhabar Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bin umarni ne, saɓanin fahimtar Shafi'iyya da suka tsananta a kan najasarsa. Wannan ya kwantar mini da hankali ta fuskar sallah, amma tsoron da na taso da shi yana nan daram. Na amince bisa sharaɗi: kare ba zai zo kujerar gaba ba, ba zai kusanci inda nake sallah ba, ni kuma a tanti zan riƙa kwana.

Na ɗauka aikin dare ɗaya ne. A ƙasar da ake saya wa kare rigar sanyi, ina tsammanin ko'ina aka je da shi maraba za a yi. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Sai da na yi kusan mako biyu tsakanin shafin Recreation.gov, inda ake kama fili a zangunan gwamnatin tarayya, da shafin BringFido mai tattara wuraren da ke karɓar karnuka, da kuma wani tsohon littafin rubutu na marigayiyar, wanda ta jera sunayen zanguna a ciki da ɗan sharhinta a gefe. Mun kuma makara, domin ana buɗe kama fili tun saura wata shida, mu kuwa a watan Agusta muka fara nema, alhali Oktoba ne lokacin cunkoso.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, manyan gandayen daji na ƙasa, waɗanda hukumar da aka kafa a 1916 ke kula da su, su suka fi kowa tsanani. Dokarsu ta ce kare ya kasance cikin keji ko a ɗaure da igiyar da ba ta wuce ƙafa shida ba, kada a shiga da shi gine-ginen hukuma, kada kuma a ɗaure shi a jikin wani abu a tafi a bar shi. Karen da ke yi wa makaho ko wani mai lalura hidima ne kaɗai ke da sassaucin shiga. Gandun Great Smoky Mountains, wanda ke kan iyakar Tennessee da Karolina ta Arewa kuma nan ne ƙarshen tafiyarmu, yana da hanyoyin ƙafa sama da mil 800, amma biyu kacal aka yarda a bi da kare: ta Gatlinburg da ta bakin kogin Oconaluftee. A zango zai iya kwana, a gefen titi zai iya miƙe ƙafa, amma cikin daji a'a.

Da na bi diddigin dalili, sai na tarar ba ƙiyayya ba ce. Warin kare kaɗai yana firgita namun daji, yana kuma iya kai musu cuta ko ya ɗauko. A waɗannan duwatsu akwai baƙar dabbar nan da ake kira beya, kare kuwa in ya tsokane ta ya ga ba dama, wurin ubangidansa zai sheƙo, ita kuma tana biye. A can yammacin ƙasar, a gandun Yellowstone da aka kafa tun 1872, ba a barin kare ya yi nisan da ya wuce ƙafa 100 daga titi ko zango, saboda namun daji da maɓuɓɓugan ruwa masu tafasa. A 1981 wani mutum ya faɗa ɗaya daga cikinsu don ceto karen abokinsa, daga shi har karen ba wanda ya rayu.

Gandun Shenandoah, inda za mu fara sauka, ya fi sauƙi. Cikin hanyoyin ƙafa sama da mil 500 da yake da su, waɗanda aka hana karnuka ba su kai mil 20 ba, kodayake cikinsu har da ta dutsen Old Rag da ta gangaren ruwan Dark Hollow, waɗanda baƙi suka fi so. Dazuzzukan da ke hannun hukumar gandun itatuwa, irin su Pisgah, su ma da sauƙi. Matsalar zangunan gwamnati ita ce galibinsu ba su da wurin jona wa mota lantarki da ruwa, tankunan motar-gida kuwa ba sa wuce 'yan kwanaki. Dole mu riƙa ratsewa zuwa zangunan 'yan kasuwa. Mafi shahara a cikinsu kamfanin KOA ne, wanda ya fara a garin Billings na jihar Montana a 1962, kuma da yawa daga rassansa suna da fili mai shinge inda ake sakin karnuka su yi guje-guje. Sauran kuwa kowane gauta ja ne a shafin intanet, duka sun rubuta cewa suna karɓar dabbobi, amma kowa da nasa sharaɗin a ƙasa cikin ƙananan haruffa. Wani kare biyu kawai yake karɓa, wani sai an ƙara kuɗi a kowane dare, wani ya ƙayyade nauyi, wani kuma yana da jerin jinsunan da ba ya so ko a kyauta.

Wannan na ƙarshen ne ya kayar da ni. A dare na huɗu mun isa wani ƙaramin zangon 'yan kasuwa bayan isha'i, a gajiye. Na riga na yi waya da su tun a gida, na ce muna da kare, matar da ta ɗauka ta ce ba komai. Da mai wurin ya haska fitila ya ga abin da ke leƙowa ta taga, sai ya girgiza kai. Ya ce kamfanin inshorarsa bai yarda da wannan jinsi ba, in ya ciji wani a filinsa shi zai biya daga aljihunsa. Baba ya fito da takardar allurar rigakafi, ya nuna ɗan ƙarfen shaida da ke rataye a wuyan karen, muryarsa na rawa ya ce, "Shekararsa tara, bai taɓa cizon kowa ba." Mutumin ya ce duk wanda ya zo nan haka yake faɗa. Ya mayar mana da kuɗinmu, muka ƙarasa daren a filin ajiye motoci na wani babban kanti bayan mun roƙi manajan.

Laifin nawa ne. Ban faɗi jinsin karen a waya ba saboda ban san abin faɗi ne ba; a wurina kare kare ne. Daga ranar, duk inda zan kira sai na fara da jinsinsa da nauyinsa, na tambayi ko akwai ƙarin kuɗi, ko an yarda a bar shi shi kaɗai a mota, sannan na rubuta sunan wanda ya amsa mini. Amma akwai abin da ban gaya wa Baba ba a daren, ina kwance ina jin yadda yake ta juyi. Na ji tausayinsa ƙwarai, sai dai can cikin zuciyata ina bayan mai zangon. Da ni ne na zo da iyalina na kafa tanti a filin da ke kusa, da abin da zan so ya yi ke nan.

Wannan tunani ya sa na sake duban kwanaki ukun da muka yi a zangon Big Meadows na Shenandoah. Ko'ina ka waiga akwai kare, manya da ƙanana. Duk da haka kullum da asuba nakan ɗauki buta na tafi famfo cikin duhu, na dawo na shimfiɗa darduma a kan ciyawa, ba wanda ya taɓa bi na, ban kuma taɓa taka ƙazanta ba, domin kowa da 'yar ledarsa yake yawo yana kwashe kashin karensa. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, karen da ya dame mutane da haushi ubangidansa za a tuhuma. Akwai safiyar da Baba ya kwance nasa don ya ɗan sha iska a gindin teburi. Ba a yi minti goma ba wata malamar daji ta tsaya, ta gaishe mu, ta yabi kyan karen, sannan ta ce a mayar masa da igiya. Baba ya yi gunaguni bayan ta wuce. A lokacin na ɗauka tsabar ƙa'ida ce irin ta Turawa. Sai daga baya na gane cewa ni aka yi wa dokar, ni da yaron da ke filin gaba da barewar da ke kiwo a bayan tantina. Albarkacin igiyar nan ne aka bar Baba ya shigo da karensa, albarkacinta kuma na iya barci.

Mun gangara titin Blue Ridge Parkway, mai tsawon mil 469, a hankali, domin ba a wuce gudun mil 45 a sa'a a kansa. A rana ta tara muka isa Oconaluftee, kusa da garin Cherokee. Hanyar bakin kogin mil ɗaya da rabi ce, shimfiɗaɗɗiya, kuma a littafin marigayiyar an ja mata layi biyu. A filin da ke gefe wasu manyan barewa masu rassan ƙaho suna kiwo, irin waɗanda aka dawo da su gandun a 2001 bayan sun daɗe da ƙarewa a yankin. Karen ya tsaya cak, kunnuwa a miƙe, igiya ta ɗaure tamau. Mun yi kamar rabin hanya gwiwar Baba ta gaza, ya zauna a kan wani benci ya miƙo mini igiyar ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Farfesa, kai shi ƙarshe ka dawo da shi. Ita kullum sai ta kai shi ƙarshe." Na tsaya jim. Sannan na naɗe igiyar sau biyu a hannu, muka tafi, shi a gaba ni a baya, zuciyata na dukan uku-uku har muka dawo. Na wanke hannuna a kogin, Baba ya ga haka bai ce komai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kaso mai yawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wannan adadi ne ya riƙa yi mini yawo a kai a daren da 'yata ta faɗi. Unguwanninmu kuwa sai ƙara cika suke da manyan karnukan ƙasashen waje saboda matsalar tsaro, ba na kuma ganin laifin wanda ya ajiye don gadin gidansa.

Ranar Asabar da ta biyo baya na shiga kasuwa wurin masu sayar da igiya, na sa aka auna mini ƙafa shida ta nailan mai kauri, na kai wa baduku ya ɗinka mata madauki da maƙalin ƙarfe. Na kai wa maƙwabcina bayan la'asar. Ya juya ta a hannu, ya yi dariya ya ce, "Dokta ke nan, ashe abin bai wuce ba." Na ce bai wuce ba, Malam. Ya karɓa dai, kuma tun daga ranar ina ganin yaron gidansa yana fita da karen a ɗaure. Takardar rigakafin ce har yau yake cewa zai nemo mini.