Cikin garin Sakkwato sai da ƙafa

Yawancin baƙin da ke zuwa Sakkwato ziyararsu ba ta wuce wuri uku. Su ɗauki hoto a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, su yi sallah a Masallacin Shehu, su shiga Hubbare su yi addu'a, sai mota. Abincin rana kuma a wani gidan abinci mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, inda za a kawo musu soyayyiyar shinkafar da ba ta da bambanci da ta Abuja. Idan za ku zo da iyali a hutun nan, ku bar motar a masauki, ku ware wa cikin gari yini guda.

Ku fito da sassafe. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, kuma yaro da tsoho su ne rana ke fara kayarwa, don haka kowa ya riƙe gorar ruwansa. A lungunan da ke kewaye da fada, mata sun riga sun ɗora tanda kafin rana ta ɗaga. Ku sayi masa da zafinta, a zuba muku yaji ko miya. In kun ci karo da mai hoce, kada ku wuce. Da garin dawa ake yinsa, yana da nauyi a ciki, kuma ba kasafai za ku same shi a Kano ko Zariya ba. Mai sayarwa za ta ce, “Hajiya, mi kike so?” Nan ƙasar “me” ta zama “mi”, fura ta zama hura, unguwa kuma shiya ce. Ku gaishe ta da Inna tukuna, kafin a shiga maganar kuɗi.

Garin da kuke takawa Muhammadu Bello ne ya kafa shi a 1809, nan kuma Shehu Usmanu ya rasu a 1817. Ganuwar ta tafi, amma sunayen ƙofofin suna nan a bakin kowane ɗan kabu-kabu: Ƙofar Rini, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kade, Ƙofar Atiku. Shiyoyi da yawa kuwa sunan sana'arsu suka ɗauka, wannan ne ma ya sa yawon ke da daɗi.

Inda nake so ku daɗe shi ne Shiyar Madunka. Tun kafin ku ga shagunan za ku ji ƙanshin fata. Dattawa da samari na zaune a zaure da ƙananan rumfuna, kowa da basilla da wuƙarsa, ana yanka, ana ɗinki, ana zane. Fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, a rina ja da karan dafi. Ita ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a Maroko suka laƙaba mata sunan can, suka yi ta yin bangon littattafai masu tsada da ita. Sunan ya tafi wani wuri, aikin yana nan zaure. Za ku ga tumtum, gafakar Alƙur'ani, kube, jakar mata, takalma, da kayan doki na hawan sallah. Ku ɗauki jaka ku juya cikinta, ku duba ɗinkin, ku shinshina. Fatar gaske ba ta ɓuya.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ciniki a nan. Matar da za ta biya kuɗin jakar roba ’yar waje a kanti ba tare da ta ce uffan ba, jakar da za ta fara saɓa kafin shekara, ita ce za ta tsaya gaban dattijon da ya kwana uku kan aiki ɗaya tana taya masa rabin kuɗi. A yi tayi, ciniki al'ada ce, amma a yi da kunya. Yaron da ke zaune gefen ubansa yana kallo, yana kuma lissafin ko ya gaji basilla ko ya nemi babur. A birnin Kiyoto na Japan, mutane na tasowa daga wata uwa duniya don su shiga ƙaramin shagon da iyali ɗaya suka gada kaka da kakanni. Irinsa ne wannan zauren, sai dai ba a kafa masa allo ba.

Daga nan ku hau kabu-kabu ko keke zuwa Maƙera Assada. Ƙarar masaba kan uwar maƙera ce za ta yi muku jagora. Lauje, gatari, wuƙa, murhu, duk daga tsohon ƙarfe. Yara na son kallon zuga-zugi, amma ku riƙe hannunsu, tartsatsi bai san baƙo ba.

Da azahar sai hura da nono. Nan aikina na jinya ba zai bar ni in yi shiru ba: ba furar nake tsoro ba, ruwan da aka dama da shi da ƙanƙarar da aka jefa ciki nake tsoro. Mun sha karɓar yara da gudawa da amai a lokacin zafi. Ku sayi curin furar da nonon, ku dama da ruwan da kuka yarda da shi, ku kuma tambaya ko an dafa madarar kafin ta kwana. Wanda ke son abu mai nauyi, akwai masu tuwon shinkafa da miyar kuka a kusa da Tsohuwar Kasuwa. Ku zaɓi rumfar da tukunya ke kan wuta, mutane na layi.

Bayan la'asar masu tsire da balangu ke hura wuta. Ku sa a mayar muku da naman kan wuta a gabanku, a yanka albasa da yawa, ai ƙasar albasa kuka zo. Kilishin tsaraba kuwa ku karya gefe ku gani, in ya bushe sosai zai kai ku gida lafiya.